Idan Aka Ce wa 'Yarka “Ko Ki Turo Ko In Watsa”, Wa Za Ta Fara Gaya wa?

Duk mai yi wa yaro barazana da hoton tsiraici a waya, abu ɗaya ya dogara da shi: ya san yaron ya fi tsoron gidansu a kan tsoron da yake yi masa. Shi ya sa da zarar hoton ya shiga hannunsa, saƙon da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ne. Zan tura wa babanki. Zan tura wa yayanki. Zan sa a guruf ɗin 'yan ajinku. Da iyayen yake tsorata yaron. Ranar da yarinya za ta iya shiga ɗakin mahaifiyarta ta ce, “Umma, na yi kuskure, ga abin da ya faru,” a ranar rabin ƙarfinsa ya ƙare. Iyaye ne kaɗai za su iya ƙwace wannan makami daga hannunsa, kuma tun kafin abin ya faru ake ƙwacewa.

Yadda ake bi da 'ya mace daban, yadda ake bi da ɗa namiji daban, kuma ya kamata kowane uba da kowace uwa su san hanyoyin biyu.

Ta 'ya mace a hankali take tafiya. Lambarta ba ta da wuyar samu: guruf ɗin makaranta, na Islamiyya, na bikin ƙawa, ko wurin mai sayar da kati da ta karanta wa lambar da ƙarfi. Sai a wayi gari da sallama cikin ladabi: “Na ga lambarki ne a guruf, natsuwarki ce ta burge ni.” Makonni za su wuce babu kalma ɗaya ta banza. Yana tambayar karatu, yana tashinta sallar Asuba, yana turo katin naira 500 ko data ba tare da ta roƙa ba. Daga nan maganar aure ta shigo, “zan turo magabatana bayan Sallah,” tare da sharaɗin da shi ne ginshiƙin komai: kada ki gaya wa kowa sai magana ta kankama. Hoton farko da zai nema na fuska ne da hijabi. Na biyu babu ɗankwali, “ai ni mijinki ne in sha Allah.” Kowane mataki ɗan ƙarami ne a kan na baya, ta yadda babu ranar da za ta ji ta tsallaka wani babban rami. Idan ta noƙe, sai ya yi fushi, ya lissafa mata abin da ya kashe, ya ce ashe ba ta yarda da shi ba. Wani lokacin ma ba da sunan saurayi ake zuwa ba. “Anti” ce mai neman 'yan matan da za su tallata abaya, ko mai cewa za ta shigar da ita fim, tana son hoto don ta ga “yanayin jiki.”

Kada kuma mu ɗauka baƙo ne kullum. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF a kan cin zarafin yara a Najeriya ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma akasarin masu aikatawa mutane ne da yaran suka sani. Abin da waya ta ƙara shi ne ta ba malamin darasin gida, ko maƙwabci, ko ɗan'uwan da ake sakin jiki da shi, ƙofar shiga ɗakin yarinya ƙarfe ɗaya na dare ba tare da ya bi ta zaure ba.

Ta ɗa namiji kuwa cikin dare ɗaya ake gamawa. Wani shafi mai hoton kyakkyawar yarinya zai bi shi a Instagram ko Facebook ko Snapchat, bayan ya riga ya bi abokansa don ya zama kamar ɗan gida. Hira ta yi daɗi, “ita” ta fara turo hoto, wanda na sata ne, ta ce saura naka, kuma da fuskarka a ciki. Minti biyu bayan ya tura, murya ta canza. Za a turo masa jerin sunayen duk masu bin sa, har da ƙannensa da 'yan ajinsu, a ce ya turo kuɗi kafin a ƙirga goma. Hukumar FBI ta Amurka ta ce samari 'yan shekara 14 zuwa 17 ne aka fi yi wa irin wannan. A watan Maris na 2022 wani ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa sa'o'i kaɗan bayan an fara yi masa wannan barazana, kuma wasu 'yan'uwa biyu daga Legas ne suka yi masa. An miƙa su ga Amurka a 2023, a 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu wannan sana'a, tare da dubban zaurukan Facebook da ake koyar da ita, har da rubutattun kalaman yaudara da tarin hotunan da ake buɗe shafukan bogi da su. Yawancin waɗanda suka yi wa tarko manyan maza ne a Amurka, amma wanda ya iya wannan aikin ba ya tambayar fasfo kafin ya ɗana wa yaron Zariya ko na Maraɗi. Akwai kuma gefen da ba mu son ji: idan ɗanka mai shekara 17 ya fara sauya waya da takalmi alhali ba ya sana'ar komai, ka tambayi tushen kuɗin, domin yara ake ɗauka aikin.

Abin da ke sa yara su yarda su tura hoton shi ne sun ɗauka zai ɓace. WhatsApp na da tsarin hoton da ake gani sau ɗaya, Snapchat ma saƙonsa na gogewa. Amma wanda ke riƙe da waya ta biyu zai ɗauki hoton fuskar ta farko kawai, kuma jabun manhajoji irin su GB WhatsApp, waɗanda suka cika wayoyin matasanmu, suna iya adana abin da aka ce sau ɗaya za a gani, har da saƙon da mai shi ya goge. Kiran bidiyo ma ana naɗe shi. Wannan bayani ne da ya kamata yaro ya gani da idonsa: ku zauna da wayoyi biyu, ki tura mata hoton kofin shayi a tsarin gani-sau-ɗaya, ki ɗauke shi da ɗaya wayar, ki nuna mata. Minti ɗaya zai ɗauka, kuma ya fi wa'azin awa guda zama a zuciya. Yanzu kuma an kai inda ba sai yarinya ta tura komai ba. Da hoton kwalliyar Sallah da ta sa a shafinta ana iya haɗa na tsiraici na ƙarya da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Saboda haka idan aka nuno maka hoton 'yarka tana rantsuwa ba ta taɓa ɗauka ba, kada ka yi saurin ƙaryata ta.

Sai batun saita waya, kuma a nan akwai kuskure ɗaya da ke rushe duk sauran. A tsaya a kasuwar waya a ga yadda ake yi. Uba ya saya wa 'yarsa Tecno ko itel, ya miƙa wa yaron shago ya ce a “buɗe mata komai.” Yaron shago ya ƙirƙiri adireshin Gmail cikin minti uku, ya sa shekarar haihuwa 1995 don kada Google ya dame shi da tambayoyi, ya sa lambar wayar a matsayin kalmar sirri, ya tura TikTok da Facebook da GB WhatsApp ta Xender, ya karɓi ɗari biyar ɗinsa. Idan da wannan shekarar aka buɗe mata shafukan, daga wannan lokacin kamfanonin nan suna kallon yarinya 'yar shekara 14 a matsayin babbar mace. Kariyar da suka tanada wa yara kuwa galibi a kan shekarun da aka rubuta take aiki. A TikTok, wanda bai kai 16 ba ba ya iya aika ko karɓar saƙon sirri, shafin ɗan 13 zuwa 15 a rufe yake farawa, kuma sai ɗan 18 ke iya yin shirin kai-tsaye. A Instagram, tun daga Satumbar 2024 aka fara sanya matasa a wani tsari da ke rufe shafinsu, ya hana baƙi aiko musu da saƙo, kuma wanda bai kai 16 ba sai da izinin iyaye zai sassauta shi. Shekarar ƙarya ɗaya na iya kashe duk wannan. Ga kuma wata ɓarakar: kalmar sirrin Gmail ɗin tana hannun wani, kuma idan Google Photos na kwafe hotunan wayar, duk wanda ya san kalmar zai iya ganinsu daga tasa wayar.

Gyaran ba shi da tsada. A buɗe wa yaron sabon adireshi da ainihin ranar haihuwarsa, a gida, iyaye na zaune. A haɗa wayarsa da ta uwa ko uba ta manhajar Family Link ta Google, kyauta ce. Da ita sai ka amince kafin a sauke sabuwar manhaja, kana iya sa lokacin da wayar za ta kulle da dare, kana iya hana girka manhajojin da aka turo daga wajen Play Store. Ba ta nuna maka abin da ake rubutawa a hira, kada ka sa rai da wannan. TikTok na da nasa mai suna Family Pairing. A Snapchat a kunna Ghost Mode, in ba haka ba taswirar manhajar na iya nuna wa abokan hira unguwar da yaron yake. A WhatsApp, wanda shi ne inda yawancin ɓarnar ke ƙarewa, a shiga sashen Privacy a mayar da hoton fuska da damar sanya mutum a guruf zuwa ga lambobin da ke cikin wayar kaɗai, a kunna toshe ƙarar kiran baƙin lambobi, sannan a sa lambobin sirri shida na tabbatarwa mataki biyu. A leƙa Linked devices lokaci zuwa lokaci. Wanda ya riƙe wayar na minti ɗaya, saurayi ne ko mai gyara ko mai caji, zai iya haɗa ta da tasa na'urar ya riƙa karanta komai. Kafin a kai waya gyara ko wurin masu turi a cire katin ajiya. Layin da ke cikin wayar ma abin tambaya ne: ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ba ta yarda a yi wa wanda bai kai 18 ba rajistar layi, to da NIN ɗin wa aka yi wa na 'yarka?

Doka ɗaya ta cikin gida ta fi duk waɗannan saituttukan amfani: waya ba ta kwana a ɗakin yara. Ƙarfe tara ko goma kowa ya kawo tasa ɗakin Umma a sa caji. Kusan duk matakan da na lissafa a sama tsakar dare ake hawa su, lokacin da gida ya yi tsit, yaro ya kaɗaita, hankali ya yi rauni. A kafa dokar tun ranar da aka sayi wayar, ta hau kan kowa har da yayyen, don kada ta zama alamar zargi a kan mutum ɗaya.

Ƙwace waya gaba ɗaya kuwa, wanda shi ne abin da zuciya ke fara raya wa uba, sau da yawa ƙara dagula lamarin yake yi. Yarinyar da aka ƙwace wa waya za ta ari ta ƙawa a makaranta, ko shi mutumin ya saya mata wata ƙarama ta ɓoye a cikin jakar Islamiyya ko ƙarƙashin katifa, kuma yanzu ya zama shi ne mai tausayinta, ku ne azzalumai. Mafi muni, ta koyi darasin cewa duk ranar da ta kawo ƙara, ita za a hukunta. Haka ma manhajojin leƙen asiri da ake sa wa a ɓoye. Yara sun fi mu sanin waya, za su gano, kuma daga ranar sun daina gaya maka komai. Duba waya a fili ya fi: “Wayar nan amana ce, ni na saya, zan riƙa dubawa muna zaune tare.” Wanda zai duba ya san cewa WhatsApp na da kulle hira da ke ɓoye ta daga jerin, kuma akwai manhajojin ajiye hotuna da ke shigar burtu da siffar kalkuleta. Kalkuleta biyu a waya ɗaya abin tambaya ne.

Alamomin da suka fi waya faɗin gaskiya a jikin yaron suke. Data ba ta yankewa alhali ba ku kuke saya ba. Sabon turare ko agogo da “ƙawata ce ta ba ni.” Firgita idan saƙo ya shigo, kifa wayar idan an shigo ɗaki. Yaron da ke cin abinci da kyau ya daina, ya ƙi makaranta ba ciwo, ko ya fara neman kuɗi da gaggawa, ko kuɗi su fara ɓata a gida. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, shekarun balaga sun gaji sauyin hali. Uku a mako guda kuwa sun isa a zauna.

Zaman ne ke ba mu wuya, saboda kunya. A gidaje da yawa uwa ba ta ko kiran sunan 'yar fari, balle ta yi mata maganar tsiraici, uba kuma yana ganin girmansa zai zube. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma al'adar da ta kawo ta ita ce kuma ta tanadi gwaggo da inna da kawu da kaka, waɗanda ake iya faɗa musu abin da ba a iya faɗa wa iyaye. A zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, a gaya wa yaron ƙarara cewa ga wanda zai nufa. Maganar da ake so ta shiga kunnensa gajeriya ce, kuma gara ta fito daga bakin uba ko da sau ɗaya ne: “Duk ranar da wani ya tsorata ki da hoto ko da wata magana, ko da ke kika yi kuskuren, ki zo ki faɗa. Ba zan dake ki ba, ba zan cire ki daga makaranta ba. Ni da ke za mu taru a kansa.” A faɗa wa namiji irinta, domin shi an riga an koya masa cewa namiji ba ya kuka, kuma shi ya fi saurin yanke wa kansa mummunan hukunci. Wanda ya yi wannan alkawari kuma ya shirya cika shi, don ranar za ta zo da zafi.

Idan ranar ta zo, awa ta farko ita ce mai haɗari. A fara da yaron kafin wayar. A gaya masa ya kyauta da ya faɗa, kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren, ko da ya ce ba komai. Faɗa da nasiha suna da lokacinsu nan gaba. Kada a biya ko sisi: wanda aka biya ya gane akwai kuɗi kuma akwai tsoro, zai dawo da farashi mafi girma. Kada a ƙara tura wani hoto don a lallashe shi, kada kuma uba ya karɓi wayar ya hau zagi, domin hakan na sa shi ya goge shafinsa ya ɓace. A daina amsawa kawai.

Kafin a toshe shi a tara shaida. A ɗauki hoton hirar tun daga farko, da sunan shafinsa, da lambar wayarsa, da kwanan wata, musamman lambar asusun da ya ce a tura kuɗi, ko na banki ne ko OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Asusun nan a ɗaure yake da BVN ko NIN na wani, kuma shi ne zaren da masu bincike suka fi saurin ja. Hoton tsiraicin kansa kuwa kada a tura wa kowa, ko kawu ko malami ko ɗan'uwa ɗan sanda, “don ya gani.” Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ya haramta rarraba irin wannan hoto na wanda bai kai 18 ba, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 20, ajiye shi ma laifi ne, haka nan zawarcin yaro ta intanet da nufin lalata. Nijar ma tana da tata dokar ta 2019. A bar shi a wayar da yake, a kai wayar hannun hukuma. Ana iya kai ƙara ga NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, wadda ke da gajeriyar lamba 627, ko cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet, ko EFCC idan akwai neman kuɗi. A kuma kai rahoton shafin a cikin manhajar kanta, a zaɓi cewa abin ya shafi yaro, don irin wannan rahoton ake fara dubawa.

Akwai wani shafi kyauta mai suna Take It Down, na NCMEC, wata cibiyar kare yara ta Amurka, da aka yi domin waɗanda aka ɗauki hotonsu kafin su kai 18, kuma daga ko'ina ana iya amfani da shi ba tare da an ba da suna ba. Hoton ba ya barin wayar. Shafin na ciro masa wata lamba ta musamman, kamar zanen yatsa, ya ba kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok, su kuma su riƙa tare duk hoton da ya dace da lambar. Iyakarsa ita ce ba ya shiga hirar WhatsApp, saboda a rufe take, kuma sai hoton na cikin wayar ake iya yi. Idan babu shi, kada a nemi wani ya turo.

Idan abin ya wuce waya har an haɗu, lissafin ya koma na awanni. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ya fi ƙarfi a kwana ukun farko, iyakarsa kwana biyar. A tafi asibiti kafin wanka in da hali, a sa kayan da ke jikinta a takarda ko ambulan, kada a wanke, kada a sa a leda. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan, inda ake samun likita da mai ba da shawara da rahoton da kotu ke karɓa: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Kwana ukun nan su ne iyalai da yawa ke ɓatarwa wajen taron dangi da tunanin yadda za a rufa asiri.

Rufin asiri haƙƙin yarinya ne, kuma a kiyaye mata shi iya ƙarfi: ba sai kishiya ta ji ba, ba sai maƙwabta sun ji ba. Amma sulhun da ake yi a zauren mai unguwa, a karɓi “kuɗin magani” a sallami mutumin, shi yake rufa wa asiri, kuma hotunan na nan a wayarsa tare da lambobin wasu 'yan matan. Aurar da ita da gaggawa ko cire ta daga makaranta kuwa, hukunci ne aka yanke wa wadda aka zalunta, kuma ƙannenta na kallo suna koyon abin da zai same su idan suka faɗi gaskiya.

Bayan an toshe shi, a sa ran zai sake gwadawa da sabuwar lamba cikin kwanaki ko makonni. A shirya yaron tun da wuri: kada ya amsa, ya ɗauki hoton saƙon ya kawo, a ƙara a kan shaidar da ke hannun hukuma. A sauya kalmomin sirrin Gmail da na duk shafukansa, a rufe jerin abokansa daga idon baƙi, in ya zama dole a sauya layin. Za kuma a iya samun wasu su ɓullo da cewa su ƙwararru ne, za su shiga wayar mutumin su goge hoton idan an biya su. Babu mai iya tabbatar da hakan, kuma sau da yawa su ɗin ne dai suka dawo ta wata ƙofar. Idan hoton ya riga ya shiga guruf ɗin 'yan aji, a je wurin shugaban makarantar da kai, a nemi a kira iyayen waɗanda suka yaɗa, a karanta musu sashe na 23, a goge a gaban kowa, sannan a roƙi malama ɗaya da yarinyar ta yarda da ita ta riƙa sa mata ido har zangon ya ƙare.